Gwajin ƙwaya da na giya ga mazaunin ƙaramin gari: tsinken kemis, babban asibiti, NDLEA ko asibitin ƙwaƙwalwa?

A da in an ce a je a yi gwaji kafin ɗaurin aure ko kafin a ba mutum aiki, kowa ya san jini za a ɗiba a duba ƙanjamau da ciwon hanta da sikila. Yanzu gwajin ƙwaya ya shigo layi. Waliyyi kan nemi takarda kafin ya yanke sadaki, mai motocin haya yana so ya san wa zai miƙa wa mukulli, wasu manyan makarantu sun sa shi cikin sharuɗɗan rijista, a Kano ma an sha tura masu neman kujerun ƙananan hukumomi wurin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, su ba da fitsari kafin a tantance su. Ba haka kawai abin ya taso ba. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya cikin shekara guda a Najeriya. Tun da Buba Marwa ya karɓi shugabancin NDLEA a 2021 kuwa yake kiran a riƙa gwada ɗalibai da masu neman aure da masu neman muƙami.

Mutumin birni zai hau a-daidaita-sahu ya gama komai kafin azahar. Wanda yake ƙaramin gari, mai babban asibiti ɗaya da kemis uku ko huɗu, babban birnin jiha kuma sai an yi tafiyar awa biyu ko uku, shi ne lissafinsa ya bambanta. Shi nake yi wa wannan bayani.

Abin da za ka auna kafin ka zaɓa

Na farko, kuma wanda aka fi mantawa: me kake zargin ana sha? Babu wani gwaji guda da ke kama duk wani abu mai sa maye. Kowane layi a jikin tsinken gwaji kamar mukulli yake, ƙofa ɗaya yake buɗewa. Layin THC na tabar wiwi ne, MOP ko OPI na kodin da dangoginsa, BZO na su diyazefam, COC na hodar iblis, MET na ƙanƙarar da ake kira ayis. Matsalar ita ce an tsara yawancin waɗannan kaya ne don kasuwar Amurka da Turai, ba don abin da yaranmu ke sha ba. Taramol, wanda ya yi yawa a tasha da gona da wurin haƙar ma'adinai, ba ya fitowa a layin kodin. Sai an sami tsinke mai layinsa na kansa, wanda ake rubuta TRA ko TML. Allurar fenta ba kasafai layin kodin ke ganinta ba. Roci kan kuɓuce wa layin BZO ko da danginsu ɗaya. Sholisho da ekzol da zaƙami kuwa tsinken da aka saba sayarwa ba ya ganinsu sam. Saboda haka yaro zai iya kwana cikin maye, a gwada shi da safe, takarda ta ce fes yake.

Na biyu, yaushe aka sha? A fitsari, kodin kan ɗauki kwana 1 zuwa 3, taramol da hodar iblis da ayis kwana 2 zuwa 4. Wiwi daban take: wanda ya busa sau ɗaya kwana 3 ya ishe ta fita, amma wanda ya mayar da ita abincin kullum za a iya ganinta har wata guda, domin tana maƙalewa a kitsen jiki. Diyazefam ma kan wuce mako, musamman ga wanda ya daɗe yana sha. Giya ita ce mai saurin gudu, awoyi kawai. Ga mazaunin karkara wannan babban al'amari ne, don jiran ranar kasuwa a sami mota kaɗai ya isa ya share shaida.

Na uku, wa zai karanta sakamakon? In kai kaɗai ne, wani abu ne daban. In makaranta ce ko ma'aikata ko kotu, sai takarda mai hatimi daga inda suka yarda da shi.

Sai kuɗi, kuma a nan ba kuɗin gwaji kaɗai ake lissafawa ba. Akwai kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa, da abinci, da yinin aiki da aka rasa, wani lokaci har da kwana. Sai ƙarko, wato tsawon lokacin da kayan gwajin ke yi bai lalace ba da tsawon lokacin da takardar ke da amfani. Na ƙarshe sirri. A garin da kowa ya san kowa, sakamakon da ya fita ba ya komawa.

Tsinken gwaji na gida

Shi ne mafi araha, kuma farashinsa na hawa ne gwargwadon yawan layukansa: akwai mai layi ɗaya, mai 5, mai 10, mai 12. Ba kowane kemis na ƙauye ke ajiye shi ba, yawanci sai an yi saƙo daga manyan shagunan kayan asibiti na birni ko an saya ta intanet. Akwai na tsomawa, akwai mai kofi wanda tsinkayen ke manne a jikinsa. Mai kofin ya fi tsada amma ya fi, don galibi yana da ma'aunin zafi. Fitsarin da ya fito yanzu zafinsa kan kasance tsakanin digiri 32 zuwa 38 a mintuna huɗun farko, wanda aka ɗauko a kwalba daga wurin aboki ko aka sirka da ruwan randa ba zai kai haka ba.

Ga inda mutane ke faɗawa rami. Mun saba da tsinken gwajin ciki da na zazzaɓin cizon sauro, inda layi biyu ke nufin akwai. A na ƙwaya akasin haka ne. A gurbin kowace ƙwaya, layi biyu na nufin ba a ga komai ba, layi ɗaya a wurin harafin C na nufin an gani. Ko layi na biyun ya fito dishi-dishi, ba a ga komai ba ke nan. In kuwa layin C bai fito ba, gwajin ya lalace, a sake. Ana karantawa ne a minti 5, in ya wuce minti 10 a jefar. Uban da bai san wannan ba zai iya ɗaga bulala a kan yaron da bai taɓa komai ba.

Ta fuskar ƙarko, tsinken da ke cikin ledarsa kan kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, amma da sharaɗin a ajiye shi a zafin da bai wuce digiri 30 ba. Ka tuna yadda shagon kwano yake a watan Afrilu, lokacin da zafin waje kansa ke haura 40. Kwanan watan da ke jikin leda bai isa ba, ka dubi inda aka ajiye kayan.

Babban haɗarinsa shi ne yi wa mai gaskiya ƙazafi. Tsinke tantancewa yake yi, ba yanke hukunci ba, kuma akwai magungunan asibiti da ke ruɗa shi. Rifamfisin na tarin fuka da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su ofuloksasin kan sa layin kodin ya nuna. Efabirenz, wanda masu ɗauke da ƙanjamau suka daɗe suna sha, kan nuna kamar wiwi a wasu tsinkaye. Wasu magungunan mura kan fito a layin amfetamin, dangin ayis. Wanda likita ya rubuta wa diyazefam ko taramol bayan tiyata shi ma zai nuna, kuma bai yi laifin komai ba. Kafin a tsoma tsinke a tambayi mutum duk maganin da ya sha a makonni biyun da suka wuce. Sannan babu wata hukuma da za ta karɓi sakamakon da ka karanta a tsakar gidanka.

Babban asibitin gari ko ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa

A gaskiya, in suna yi, irin wancan tsinken suke amfani da shi. Abin da kake saya da ƙarin kuɗin shi ne hannun wanda ya iya, da sa ido lokacin ba da fitsari, da takarda mai sa hannu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba kowane babban asibiti ke da kayan ba, asibitin sha-ka-tafi kuwa kada ma ka wahalar da kanka. Ka tura a tambaya kafin ka taso da mutum, kuma tambayar ita ce: layi nawa ne, akwai na taramol? In mai zaman kansa ne, ka duba ko yana da rijista da hukumar MLSCN mai kula da ɗakunan gwaje-gwaje, don akwai shagunan da farar riga da allo kawai suka mallaka.

Inda wannan zaɓi ya yi rauni shi ne sirri. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya fallasa bayanin majiyyaci, haka ne. Amma a ƙaramin gari mai ɗaukar kati maƙwabcinka ne, mai shara ƙanwar surukarka ce, ganinku a ƙofar ɗakin gwaji da kofi a hannu kaɗai ya isa labari. Shi ya sa ni na fi son mutum ya tsallaka asibitin ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka, ko da zai ƙara kuɗin mota.

Ofishin NDLEA

Hukumar tana da babban ofishi a kowane babban birnin jiha, da ƙananan ofisoshi a wasu manyan garuruwa. In takarda ake nema don makaranta ko aiki ko takara, tasu ce ta fi karɓuwa, sau da yawa ma ita ake ambata da suna a cikin sharaɗin. Ana biyan kuɗi, a nemi rasit. Jami'ansu sun san dabarun masu musanya fitsari fiye da kowa, kuma sun san abin da ake sha a yankin. Galibi a ranar ake samun sakamako. Ba kowane ƙaramin ofishi ke gwaji ba, don haka a tabbatar kafin a kama hanya. Suna da layin waya na kyauta don neman shawara, 0800 1020 3040.

Sai dai a faɗi gaskiya, hukuma ce ta kama masu laifi, kuma dokar da ta kafa ta a 1989 ta ɗauki shan miyagun ƙwayoyi laifi. Tana da sashen ba da shawara da gyaran hali, tana kuma nanata cewa gwajin don taimako ne ba don tozartawa ba. Duk da haka matashin da ke tsoron kaki zai iya gudu daga gida da jin inda za a kai shi. Ga wanda ya san ba ya shan komai kuma takarda kawai yake so, babu inda ya fi nan. Ga yaron da ake lallaɓawa ya buɗe cikinsa, ba nan zan fara ba.

Takardar kanta ba ta da dogon rai. Shaida ce a kan fitsarin ranar da aka gwada, ba a kan halin mutum ba. Wanda ya san ranar gwaji tun mako guda kafin ta zo, in dai ba mashayin wiwi na kullum ko wanda ya daɗe yana shan diyazefam ba ne, zai iya daurewa ya wuce. Waliyyin da ya ba manemi wa'adin wata guda ya kawo takarda, haƙurin yaron ya gwada.

Asibitin ƙwaƙwalwa ko na koyarwa

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, sannan akwai sashen masu wannan lalura a asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya. Nan ne mafi nisa ga yawancin mutanen karkara, kuma mafi cin lokaci: buɗe fayil, layin ganin likita, wataƙila a ce a dawo. Kuɗin gwajin ba shi ne mai yawa ba, hidimar da ke kewaye da shi ce.

Amma nan kaɗai ne sakamako ke zuwa tare da wanda ya san abin da za a yi da shi. Likita ba ya dogara da tsinke kawai. Zai tambayi tarihi, ya dubi idanu da rawar hannu da yanayin barci, don haka mai shaƙar sholisho ko mai haɗiyar ekzol da tsinke ya wanke ba lallai ya wuce shi ba. Akwai kuma dalili na rai da mutuwa. Wanda ya daɗe yana shan diyazefam ko roci ko giya, in aka kulle shi a ɗaki aka yanke masa lokaci guda, zai iya kamuwa da jijjiga irin ta farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai. Taramol mai yawa shi ma yana jawo jijjigar. Irin wannan sai a hankali, a gaban likita. Gidajen mari ba su da wannan ilimi, kuma abin da aka gani lokacin da aka fasa wasunsu a Kaduna da Daura a 2019 ya isa darasi.

Abin da ke hana mutane zuwa shi ne sunan wurin. Iyaye na tsoron a ce ɗansu ya haukace. Amma a can babu wanda ya san ku.

Manyan ɗakunan gwaje-gwaje na birni

Waɗannan su ne masu tabbatarwa. Gwajin da ake kira GC-MS yana rarrabe ainihin sinadarin da ke cikin fitsari, ya bambanta rifamfisin da kodin, ya faɗi yawansa. Wurare kaɗan ne ke da na'urar, sau da yawa aika samfurin ake yi Legas ko Abuja ko waje, sakamako ya ɗauki kwanaki ko makonni. Kuɗinsa ya ninka na tsinke sau da yawa. Fitsarin da za a aika sai an sanyaya shi, ba a barinsa a aljihun mota cikin rana, don haka gara mutum ya je da kansa inda suke karɓa.

Akwai kuma gwajin gashi, wanda ke waiwayar kusan kwana 90, tunda gashi kan tsiro kimanin santimita ɗaya a wata. Shi ne mafi tsada da wuyar samu, ba ya ganin abin da aka sha a makon da ake ciki, ga shi kuma mazanmu ba sa barin suma.

Giya tata hanyar daban ce

Hanta kan sauke giyar da ke cikin jini da kimanin kashi 0.015 cikin ɗari a kowace awa. Iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta sa wa direba ita ce 0.05. Ka yi lissafi: wanda yake daidai kan iyakar, kafin ku isa babban birnin jiha ya sauka ƙasa da ita sosai, cikin awa uku da minti ashirin kuwa babu sauran abin da za a gani. Saboda haka gwajin giya na jini ko na numfashi a wurin ake yinsa ko a haƙura.

Na'urar hurawa ita ce maganin wannan. Akwai mai araha da ba ta da tabbas, wadda numfashin mai ciwon suga ko wanda ya daɗe bai ci abinci ba kan iya ruɗa ta, akwai kuma mai tsada irin ta jami'an hanya. Duk biyun sai an riƙa saita su bayan wata 6 zuwa 12, in ba haka ba lambar da suke nunawa ado ce. A jira minti 15 bayan mutum ya kurkure baki ko ya sha wani maganin ruwa kafin ya hura. Akwai tsinken fitsari mai alamar EtG da ke gano an sha giya har kwana 2 ko 3 baya. Gwajin hanta na asibiti kuwa ba shaida ba ce a kan shan giya, tunda ciwon hanta nau'in B da ya yi yawa a cikinmu shi ma yana ɗaga lambobin. A jihohin da ke aiki da shari'ar Musulunci zargin giya na da nauyi na daban, don haka a nan sirri ya fi ko'ina muhimmanci.

| Zaɓi | Kuɗi | Sauƙi | Ƙarko da karɓuwa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Tsinken gida | Mafi araha | Minti 5, a gida | Zafi na lalata shi, babu takarda | Karanta shi a juye, ƙazafi |
| Babban asibiti ko mai zaman kansa | Matsakaici | Kusa, in suna da kaya | Wasu wurare na karɓa | Fitar sirri |
| NDLEA | Matsakaici, da kuɗin mota | Yini guda | Mafi karɓuwa, na ɗan lokaci | Tsoron hukuma |
| Asibitin ƙwaƙwalwa | Hidima mai yawa | Nisa da layi | Takardar likita, da magani | Tsangwama |
| Gwajin tabbatarwa | Mafi tsada | Kwanaki ko makonni | Mafi ƙarfin hujja | Lalacewar samfuri a hanya |
| Na'urar hurawa | Saye ɗaya, da kuɗin saiti | Nan take | Shekaru, in ana saita ta | Mai araha na ƙarya |

Wanne ya dace da wa

In makaranta ko ma'aikata ce ta nemi takarda, ka tambaye su wace suke karɓa, in ba su fayyace ba ka tafi NDLEA. Ka riƙe katin asibiti na duk maganin da kake sha, ka nuna kafin a gwada, ba bayan sakamako ya fito ba.

In kai uba ne ko uwa da kuka ga yaro ya canza, barci ba ƙa'ida, kuɗi na ɓacewa, abokai sababbi, tsinke mai layin taramol zai iya zama matakin farko, da saninsa, ba a ɓoye ba. Ya nuna, ku wuce asibitin ƙwaƙwalwa. Bai nuna ba amma alamun suna nan, nan ɗin dai za ku. In kuwa an riga an san yana sha, kada a ɓata kuɗi a kan tsinke, a sa su a kuɗin mota.

In maganar aure ce, a yi ta tsakanin waliyyai ba tare da shela ba, a wani gari, a gajeren wa'adi, kuma in za a gwada a gwada duka biyun. Baligi ba a gwada shi dole. Sakamako mai kyau ba ya maye gurbin binciken da aka saba yi a unguwa da wurin sana'a.

In kana da motoci ko babura a hannun yara, ko kai shugaban tasha ne, ka sayi kofunan gwaji masu yawa da na'urar hurawa mai kyau guda ɗaya, ka sa sharaɗin a rubuce tun ranar ba da mukulli, ka riƙa gwadawa ba tare da sanar da rana ba, kowa da kowa, har ɗan gidanka.

In kuma sakamakon tsinke na shirin raba mutum da aikinsa ko karatunsa ko aurensa, shi kuwa ya rantse bai sha ba, a nan ne kuɗin gwajin tabbatarwa ya cancanci a kashe shi. A nemi a rufe ragowar fitsarin farko a gabansa, a rubuta sunansa da kwanan wata a jiki, a sanyaya, shi za a aika. Sabon da za a karɓa bayan kwana uku ba zai wanke shi ba, ba kuma lallai ya kama shi ba.